Daga Legas zuwa Kano a jirgi: yadda ake lissafa nisa da ainihin lokacin tafiya

Tambayoyi biyu ne masu karatu suka fi aiko mana a kan tafiyar jirgi: awa nawa ce daga Legas zuwa Kano, sannan ƙarfe nawa ya kamata mutum ya bar gida. Amsar ta farko gajeriya ce, kimanin awa ɗaya da rabi. Ta biyun ce ke sa mutum ya rasa jirgi, ko ya sauka Kano ya tarar an shafa fatiha an watse. Awa ɗaya da rabin nan ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lissafin, domin daga ƙofar gida a Agege zuwa ƙofar gida a cikin birnin Kano tafiyar takan haura awa biyar ko da komai ya tafi daidai. Matakan da ke ƙasa na Legas da Kano ne, amma haka ake yi wa kowane fili biyu. Abin da kake buƙata shi ne waya mai data, tikitinka ko shafin da za ka saya, kalkuleta, da biro da takarda.

1. Tantance filayen biyu da haruffansu

Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da aka san shi da su a duniya, kuma da su ake bincike, ba da sunan gari ba. Filin Murtala Muhammed na Ikeja LOS ne, na Malam Aminu Kano KAN, na Abuja ABV, Kaduna KAD, Sakkwato SKO, Maiduguri MIU, Yola YOL. Na waje da mutanenmu suka fi zuwa: Jidda JED, Madina MED, Dubai DXB, Alƙahira CAI.

Gargaɗi: KAN da KAD harafi ɗaya ne ya raba su. Haka KAN da CAN, wanda shi ne filin Guwanzu na ƙasar Sin da fatake ke sauka. Idan wakili ne ya sayar maka da tikiti, ka karanta haruffan da idonka kafin ka tura kuɗi.

A Legas ba haruffan kaɗai za ka duba ba, sai ka san ginin da za ka tashi. Jiragen cikin gida suna tashi daga gini biyu, MMA2 da GAT, ta ɓangaren titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja. Jiragen ƙasashen waje suna ɗaya ɓangaren, wanda ake shiga ta titin filin jirgi daga Oshodi. Dukkansu LOS ne a takarda, amma tsakanin ɓangaren gida da na waje sai an shiga mota. Kamfanoni kan sauya gini, don haka wanda ka tashi daga cikinsa bara ba hujja ba ne. Abin da ke kan tikiti ko saƙon da kamfani ya turo shi za ka bi. Kada ka ce wa direba "filin jirgi" kawai ka yi shiru, ka faɗa masa sunan ginin tun kafin ka shiga motar.

2. Nemo nisan da ke tsakani

Hanya mafi sauƙi ita ce shafin Great Circle Mapper: ka rubuta LOS-KAN, zai fito maka da nisan miƙe, wato gajeriyar hanya a bayan ƙasa. A Google Maps ma ana iya yi: ka danna filin farko ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi wurin auna nisa, sannan ka ja taswirar zuwa fili na biyu. Ga abin da za ka samu daga Legas, an dunƙule lambobin:

- Abuja, kimanin kilomita 510
- Sakkwato, kimanin kilomita 735
- Kano, kimanin kilomita 835
- Maiduguri, kimanin kilomita 1,220
- Jidda, kimanin kilomita 4,200
- Landan, kimanin kilomita 5,000

Gargaɗi na farko: ka duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar. In ka ga km, kilomita ce. In ka ga mi, mil ne na ƙasa, sai ka ninka da 1.609. In ka ga nm, mil ne na matuƙa jirgi, sai ka ninka da 1.852. Legas zuwa Kano yana iya fito maka 835, ko kusan 520, ko kusan 450, kuma duk nisa ɗaya ne.

Na biyu: kada ka ɗauki nisan da Google Maps ke bayarwa na mota. Ta hanya, Legas zuwa Kano kilomita dubu ne ko fiye, gwargwadon ko ta Mokwa aka bi ko ta Lakwaja.

Na uku: jirgi ba ya bin layin miƙen nan sak. Akwai hanyoyi a sama da aka shata, akwai kauce wa hadari, akwai kewayen da ake yi kafin a fuskanci titin sauka. A cikin gida ƙarin ba shi da yawa. A tafiyar waje yana iya zama babba idan wata ƙasa ta rufe samanta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Najeriya suka riƙa zagayawa, tafiyar Saudiyya ta ƙara tsawo. Haka aka yi da Nijar ta rufe nata a Agustan shekarar bayan juyin mulki, jiragen Turai suka koma kewaye.

3. Mayar da nisa zuwa lokaci

Ga lissafin da ba ya kai mutum nesa da gaskiya: ka raba kilomita da 800, sannan ka ƙara minti 30. Lambar 800 ita ce kusan gudun jiragen da aka saba gani a hanyoyin nan, irin su Boeing 737 da Airbus A320 da Embraer, waɗanda ke yin kilomita 800 zuwa 850 a awa idan sun daidaita a sama. Minti 30 ɗin kuma na abin da ba gudu ba ne: tura jirgi baya daga inda ya tsaya, tafiyarsa a hankali zuwa bakin titi, jiran izini daga hasumiya, hawa sama, saukowa, da gangarawa zuwa inda za a buɗe ƙofa.

Kano: 835 raba 800 ya ba da 1.04, wato minti 63. Ka ƙara 30, ka samu awa ɗaya da minti 33. Abuja: 510 raba 800, minti 38, da ƙarin 30 ya zama awa ɗaya da minti 8. Sakkwato awa ɗaya da minti 25, Maiduguri kusan awa biyu, Jidda kai tsaye kusan awa biyar da minti 45.

Gargaɗi: abin da ke bayan ɗigo a kalkuleta ba minti ba ne. Idan ta nuna 1.5, awa ɗaya da rabi ke nan, ba awa ɗaya da minti biyar ba. Idan ta nuna 5.25, awa biyar da kwata ne. Ka ninka abin da ke bayan ɗigon da 60 kafin ka kira shi minti. Wannan kuskure ne da har masu ilimi ke yi.

Idan jirgin mai farfela ne, lissafin ya sauya. ATR 72 yana yin kusan kilomita 500 a awa, Dash 8 Q400 kusan 650. Abujan da jet zai kai ka a awa ɗaya da 'yan mintuna, ATR zai kai ka a kusan awa ɗaya da rabi. Samfurin jirgin yakan fito a shafin sayen tikiti, a ƙarƙashin lambar tafiyar. Iska ma tana da nata tasiri: in tana bayan jirgi sai ya riga lokaci, in tana gabansa sai ya ɗan makara, shi ya sa a doguwar tafiya zuwa da dawowa ba sa zama daidai.

4. Karanta lokutan da ke kan tikiti

Lokacin tashi da ke kan tikiti shi ne lokacin da jirgi zai motsa daga inda yake tsaye, ƙofa a rufe. Ba lokacin shiga ba ne, ba kuma lokacin da tayarsa za ta bar ƙasa ba. Lokacin sauka kuma shi ne sa'ad da zai tsaya cak a ɗaya filin. Shi ya sa tikiti zai ce awa ɗaya da minti 35, matuƙi kuma ya sanar da awa ɗaya da minti 10 ko 15 a lasifika. Babu wanda ya yi ƙarya, shi na cikin iska kawai yake faɗa.

Kowane lokaci a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. A cikin Najeriya babu matsala, agogo ɗaya ne, har da Nijar. Amma Saudiyya da Habasha suna gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku, ƙasar Sin da awa bakwai, Ghana kuma tana bayanmu da awa ɗaya. Ingila tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa ɗaya.

A ce tikiti ya nuna tashi daga Legas 14:00, sauka Jidda 21:45. Da ido awa bakwai da minti 45 ne. Ka cire awa biyu na bambancin agogo, ya rage biyar da minti 45. A dawowa, tashi 10:00 sauka 13:45 zai yi kama da awa uku da minti 45, sai ka ƙara awa biyun. Ƙa'idar ke nan: in ka nufi gabas ka cire, in ka nufo yamma ka ƙara.

Gargaɗi: jirgin da aka rubuta 00:30 ranar Talata, daren Litinin za ka kasance a fili. Wanda ya jira daren Talata ya makara da kwana guda cur. Alamar +1 a gefen lokacin sauka tana nufin sai washegari za a isa.

5. Duba halin jirgin a makon da ya wuce

Ka ɗauki lambar tafiyar, wato alamar kamfani (haruffa biyu, ko harafi da lamba) da lambobin da ke biye, ka sa a Flightradar24 ko FlightAware. Za ka ga tafiye-tafiyen kwanakin baya. STD shi ne lokacin tashi da aka tsara, ATD lokacin da ya tashi da gaske, STA lokacin sauka da aka tsara. Idan a kwana bakwai jirgin ya makara da awa ɗaya sau biyar, ka rubuta awa ɗayan nan a lissafinka tun yanzu.

Za ka lura na sassafe sun fi cika alkawari. Dalili shi ne jirgin ya kwana a fili, ba ya jiran kowa. Na yamma kuwa ya riga ya yi sawu uku ko huɗu, kuma duk mintin da ya ɓata a Fatakwal ko Abuja yana nan a wuyansa har ya iso gare ka. Duk wanda ke da abin da ba a ɗagawa, ya sayi jirgin farko.

Yanayi yana da lokacinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe Kano da sauran filayen arewa, kuma in matuƙi ba zai ga titi gwargwadon ƙa'ida ba, ba za a tashi daga Legas ba, ko a tashi a karkata zuwa wani fili. Legas na iya zama garau alhali matsalar tana can. Da damina abin yakan juya, musamman Yuni da Yuli, hadari da tsawa su tsayar da tashi a nan. Wasu ƙananan filaye kuma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin awa biyu ga jirgin la'asar yana iya zama sokewa gaba ɗaya.

6. Lissafa lokacin ƙasa a Legas

Nan ne yawancin tafiye-tafiye ke lalacewa. Kamfanonin cikin gida da yawa suna rufe kantar awon kaya kusan minti 45 kafin tashi, na waje awa ɗaya ko fiye, kuma da zarar an rufe, magiya ba ta buɗe ta. Ka shirya isa ginin awa biyu kafin tashi in cikin gida ne, awa uku zuwa huɗu in waje ne, saboda layin shige da fice da binciken kaya.

Sai hanyar zuwa. Ka buɗe Google Maps, ka sa gidanka da ginin da za ka tashi, sannan ka zaɓi rana da lokacin da kake son isa, ba lokacin da kake dubawa ba. Zai ba ka lamba biyu, ƙarama da babba. Ka ɗauki babbar ka ƙara minti 20. Daga Agege ko Oko-Oba da asuba, minti 45 sun wadatar. Hanya ɗaya ce da ƙarfe bakwai na safe za ta iya cin ninkin haka. Daga Mile 12 ko Ketu ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Daga Alaba Rago, ko ta Mile 2 da Oshodi ka bi ko ta Iyana-Iba da Egbeda, kada ka ware ƙasa da awa biyu da rana. Mai tasowa daga Obalende ko Lekki yana hannun gadar Third Mainland, kuma da yamma, lokacin da ma'aikata ke barin tsibiri, gosulon da ke fuskantar Ikeja ya fi muni. Daga Ajah ka ware awa uku, ka kuma riƙe abin karantawa don zaman jira in hanya ta yi maka kyau.

Gargaɗi: kada ka sa ran acaɓa zai cece ka in ka makara. Gwamnatin Legas ta hana shi a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun Yunin 2022. Jirgin ƙasa na cikin garin Legas, wato Jan Layi (Red Line), yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi, kuma yana tsallake gosulo, sai dai ka san lokutansa tun jiya, kuma daga tashar Ikeja sai ka ƙara hawa mota. Bai dace da mai manyan kaya ba.

Abu biyu ke cin lokaci a kanta ba tare da mutum ya shirya musu ba. Na farko kaya sun haura kilon da tikiti ya ba ka, a tura ka wani layi ka biya ka dawo. Ka auna jakarka a gida ko a sikelin shago. Na biyu, fawa-banki a cikin jakar da za a sa a ƙasan jirgi. Ba a yarda ba, a jakar hannu yake tafiya, kuma in na'ura ta gano shi sai an kira ka ka buɗe kaya. Wuƙa da almakashi akasin haka ne, su ƙasa suke zuwa. Katin shaida mai hoto ya kasance a aljihu, sunan da ke kansa ya yi daidai da na tikiti.

7. Ƙara lokacin bayan sauka

Fitowa daga jirgi da jiran kaya, minti 20 zuwa 30 a cikin gida. Mai jakar hannu kaɗai ya huta da wannan. Filin Kano a cikin gari yake, kusa da Sabon Gari, rabin awa ya isa zuwa yawancin unguwanni. Na Abuja yana da kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, ka ware minti 45 zuwa awa ɗaya. A Jidda ka ware awa ɗaya zuwa biyu na shige da fice lokacin da masu Umara suka yi yawa, kafin ma a fara maganar hanyar Makka.

8. Yi lissafin da baya

Ka fara daga lokacin da dole ka kasance a wurin, ka riƙa cirewa. A ce ɗaurin aure ne ranar Asabar ƙarfe 11:00 a cikin birnin Kano, kai kuma kana Agege:

- Isa masallaci: 10:30
- Barin filin Kano: 10:00
- Jirgi ya tsaya: 9:30
- Rarar awa ɗaya don jinkiri, wato saukar da ke kan tikiti kada ta wuce 8:30
- Cire awa ɗaya da minti 35, tashi kada ya wuce 6:55
- Isa gini a Ikeja: 4:55
- Barin gida: 4:10

Lissafin ya nuna jirgin farko na safe ne kaɗai zai fisshe ka, kuma sallar asuba a fili za ta same ka, don haka ka fito da alwala. In babu jirgin Kano kafin bakwai a ranar, ko kuwa lokacin hazo ne, ka tafi tun Juma'a. Kuɗin kwana ɗaya a Kano bai kai asarar tikitin da bai kai ka inda kake so a kan lokaci ba.

9. Idan akwai canjin jirgi

Wani tikitin Kano yana da sauƙin kuɗi ne saboda zai tsaya Abuja. Legas zuwa Abuja da Abuja zuwa Kano, wanda kimanin kilomita 365 ne, sun haɗa kusan 875, nisan bai ƙaru sosai ba. Amma minti 30 ɗin tashi da sauka yanzu sau biyu ne, ga zaman jira a tsakani. Ka lissafa kowane zango daban sannan ka haɗa.

Wanda zai taso daga arewa ya hau jirgin waje a Legas, ko zai sauka daga waje ya wuce arewa, ya tambaya ko tikiti ɗaya ne ko biyu. In lambar rajista ɗaya ce, kamfani ne ke da alhakin nemo maka wani jirgin idan na farko ya makara. In biyu ne daga kamfanoni daban, na biyun bai san da zaman na farko ba, zai rubuta ka a wanda bai zo ba kawai. A irin wannan hali za ka karɓi kayanka, ka fita, ka shiga mota zuwa ɗaya ɓangaren, ka sake bin layi daga farko. Ka bar aƙalla awa biyar tsakanin sauka da tashi. In jirgin wajen na safe ne, ko na Umara da aka riga aka biya otal, ka shigo Legas ana gobe tafiya.

10. Kuɗin da ke rataye da lokaci, da haƙƙinka in an makara

Kafin ka kwatanta farashin tikiti biyu, ka ɗora wa kowanne kuɗin mota zuwa fili a wannan lokacin (na asuba da na tsakar dare sun fi tsada), kuɗin kilon da zai haura, da kuɗin otal in lissafin mataki na 8 ya ce sai ka kwana. Ka karanta sharaɗin canjin rana da na rashin zuwa kafin ka biya, domin tikiti mafi arha shi ya fi tsauri. In ka ga ba za ka kai ba, ka kira kamfani ko ka canza ta intanet kafin lokacin tashi. Bayan jirgi ya tashi, tara ce ke biyo baya, a haɗa maka da bambancin farashin sabon tikiti.

In kuma kamfani ne ya makara, dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sun tanadi abin sha da ɗan abin taɓawa bayan jinkirin awa biyu a tafiyar cikin gida, bayan awa uku kuma kana da damar neman a mayar maka da kuɗinka in ka fasa. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filaye. Ka riƙe katin shiga jirgi, ka ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin da agogo a jiki, kuma kada ka goge saƙon da aka turo maka, domin da su za a saurari ƙorafinka.